Yadda za a gyara manhajar babban kanti har masu cefane su riƙe ta

Babban kanti yakan zuba kuɗi masu kauri a gina masa manhajar waya, a liƙa tallarta a bakin ƙofa da jikin leda, kashiyoyi su yi ta roƙon mutane su sauke. Bayan 'yan watanni sai manaja ya duba ya tarar yawancin waɗanda suka sauke sun goge, kuma odar da ke shigowa ta WhatsApp ɗin kanti ta fi ta manhajar nesa ba kusa ba. Abin da aka saba yi a nan shi ne a kira masu zane a ce su canza launi, su ƙara hotuna masu motsi, a sake fitar da ita. Ni ban yarda a nan ciwon yake ba. Mai cefane ba kallo ya zo yi ba. Abu uku yake son sani: akwai kayan, nawa ne, yaushe za su iso gida. Mai shagon unguwa yana amsa masa waɗannan cikin minti ɗaya a waya, har ya tuna irin madarar da gidan ke sha. Duk inda manhaja ta gaza mai shagon nan wajen faɗin gaskiya ko saurin fahimta, wurinsa mutum zai koma, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Wannan jagora na mai kanti ne da manajansa da masu gina musu manhaja. Na jera matakan yadda ya kamata a bi su, domin gyaran gaba ba ya tsinana komai idan na baya bai zauna ba.

Mataki na 1: Ku zauna ku kalli mutum biyar suna sayayya

Kafin a taɓa komai, a nemo kwastomomi na gaske, ba ma'aikatan kanti ba, ba kuma abokan mai gina manhajar ba. Jakob Nielsen, masanin da ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke mu'amala da na'ura, ya nuna tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Biyar ɗin su bambanta: uwargida mai yi wa gida cefanen wata, magidanci ma'aikaci mai sauri, dattijon da ke karatu da tabarau, ɗaliba, da mai ƙaramin shago da ke sarin katan-katan.

A ba kowa aiki ɗaya a kan wayarsa, da datarsa: ya sayi shinkafa, man gyaɗa, sabulun wanki da taliya, a kai masa gida. Daga nan mai lura ya kama bakinsa. Wannan shi ne mafi wuya. Za ku ga Hajiya ta rubuta "omo" a akwatin nema, manhaja ta ce babu, ta ɗago ta kalle ku, ta goge ta rubuta "kilin", nan ma babu. Za ta koma shafin farko tana ja da yatsa sama da ƙasa, ta danna hoton talla bisa kuskure, ya kai ta wani wuri, ta ce, "To ni yanzu ina kayan da na ɗauka suka shiga?" Kada a nuna mata. A rubuta inda ta tsaya, da abin da ta faɗa da bakinta, da daƙiƙa nawa ta ɓata. Idan ta haƙura ta ajiye wayar, a rubuta wannan ma, domin a gida haka za ta yi, kuma babu wanda zai sani.

A haɗa da saƙonnin WhatsApp na kanti na wata guda, da ƙorafe-ƙorafen da ke ƙarƙashin manhajar a Play Store. Da waɗannan uku za ku sami jerin gyara da ya fi na kowane taron ofis.

Mataki na 2: Abin da ke waya ya zama shi ne abin da ke kan kanta

Wannan matakin ba a fuskar waya ake yinsa ba, a sito da wurin kashiya ake yinsa, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Amma babu abin da ke kashe manhajar kanti kamar mutum ya biya kuɗin abu, bayan awa biyu a kira shi a ce ya ƙare, ko a ce farashin ya tashi sai ya cika. Sau ɗaya ya isa ya goge ta.

Dole manhajar ta riƙa ɗaukar adadin kaya da farashi kai tsaye daga kwamfutar da kashiya ke buga ciniki a kai. Idan akwai wani yaro da ke zama da yamma yana shigar da farashi da hannu a wuri na biyu, to ko yaya yake da ƙoƙari wata rana za a sami saɓani, musamman a irin lokacin da farashin sukari ko fulawa kan motsa sau biyu a mako. Kuma maganar ta wuce ɓacin ran kwastoma. A watan Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda farashin da ke kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya. Farashin da aka nuna a waya shi ma alkawari ne.

Ga abin da za a yi:

- A ware wa kowane kaya ɗan adadin kariya. Idan kwamfuta ta ce saura gwangwani uku na madara, manhaja ta ɗauka ya ƙare, domin mai yiwuwa biyu suna cikin kwandon wani da ke zagaye a kanti, ɗaya kuma ya lotse.
- Idan kanti yana da rassa, a tambayi mutum unguwarsa tun farko, a nuna masa kayan reshen da zai kai masa kawai.
- Abin da ya ƙare kada a ɓoye shi. A bar shi a wurinsa, a rubuta "ya ƙare", a sa maɓallin "a sanar da ni idan ya zo". Idan aka ɓoye, mutum zai ɗauka ba ku sayar da shi ne gaba ɗaya.
- Farashin da mutum ya gani lokacin da ya biya shi ne farashinsa. Idan ya tashi kafin a haɗa kayan, kanti ya ɗauki bambancin.

Sai bayanin kayan kansa. Kowane abu ya zo da nauyi ko yawansa a rubuce ƙarara, domin a hoto buhun shinkafa mai kilo 5 da mai kilo 25 kamanninsu ɗaya. A bambanta guda, dozin da katan, a faɗi guda nawa ne a katan. A ƙarƙashin farashi a ƙara farashin kilo ɗaya ko lita ɗaya da ƙananan haruffa, don mai kwatanta babbar roba da ƙarama ya ga wadda ta fi sauƙi. Kayan da ke lalacewa, irin su yogot, burodi da madarar jarirai, a faɗi mafi ƙarancin kwanakin da suka rage musu lokacin da za a kawo. Kayan ci da aka shigo da su daga waje kuwa, irin su alewa mai danƙo da naman gwangwani, a ɗauki hoton bayan kwalin inda aka jera abubuwan da aka haɗa, da lambar NAFDAC. Mutanenmu suna duba halaccin abin da za su ci, kuma a kanti juya kwalin suke yi su karanta.

Mataki na 3: Akwatin nema ya ji yaren masu saye

Babban kanti yana da kaya dubbai, babu mai haƙurin bin su rukuni-rukuni. Akwatin nema shi ne ƙofar shiga, don haka ya zauna a saman shafin farko, a buɗe, ba a ɓoye bayan wani ɗan ƙaramin hoto ba.

Matsalar ita ce sunayen da ke kwamfutar kanti daga takardar dillali aka kwafo su, da Turanci da gajerce-gajerce, mutane kuma ba haka suke kiran kaya ba. Wani zai rubuta "magi" yana nufin kowane irin ɗanɗanon miya, wani "indomi" yana nufin kowace taliyar yara, wani "lifton" yana nufin ganyen shayi. Akwai mai rubuta "man gyada", akwai mai "mangyada" a haɗe, akwai mai "man girki". "Tumatir", "timatir" da "tumatur" duk abu ɗaya ne. Mafi yawan mutane ba sa saka ƙ, ɗ da ɓ a waya, wasu kuma suna sakawa, don haka injin nema ya ɗauki "ƙwai" da "kwai" daidai, "gyaɗa" da "gyada" daidai.

Hanyar gyara ba ta da tsada. A buɗe jadawali mai layi biyu: abin da mutane ke rubutawa, da kayan da suke nufi. A fara cika shi daga saƙonnin WhatsApp, sannan a zauna da ma'aikatan da ke tsaye tsakanin kantoci, domin su ne ake tambaya kullum, "Ɗan'uwa, ina kuke ajiye semo?" Bayan haka, duk mako a fitar da jerin kalmomin da aka nema manhaja ta ce babu. A jerin nan za ku ga abu biyu: kalmomin da ya kamata a ƙara a jadawali, da kayan da mutane ke so amma ba ku kawowa. Na biyun kyauta ce ga mai sayo wa kanti kaya.

Kada shafin nema ya taɓa dawowa fanko. Idan babu abin da aka nema, a nuna makamancinsa, a kuma sa hanyar tambayar ma'aikaci. Idan da hali a ƙara nema da murya, amma a gwada shi da Hausa sosai kafin a sake shi. Idan ba ya ji da kyau, gara a bar mutum ya aiko da saƙon murya ma'aikaci ya saurara.

Rukunan kaya su ma a jera su yadda gida ke tunani: kayan miya, kayan shayi, kayan wanki, kayan jarirai. Gab da Ramadan a buɗe rukunin kayan azumi, dabino da sukari da gero da man gyaɗa a wuri ɗaya, bayan Sallah a sauke shi. Ita manhajar kanta a ba ta zaɓin Hausa, amma mai jin Hausa da ya san kanti ya rubuta, a kuma gwada rubutun da kwastomomi. Hausar da aka fassara kalma da kalma ta fi Turancin rikitar da mutum.

Mataki na 4: A rage mata nauyi

Mai gina manhaja yawanci yana da babbar waya da intanet mai ƙarfi a ofis. Kwastomominku da yawa suna riƙe da Tecno, Infinix ko itel, ma'ajiyar wayar ta cika da hotunan biki da bidiyon WhatsApp, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Idan waya ta ce babu wuri, manhajar da ta fi nauyi kuma aka fi daɗewa ba a buɗe ba ita ake fara gogewa. Data ma ba ta da arha: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari.

Saboda haka kanti ya sayi ƙaramar waya mai RAM gigabait 2, ta zama ita ce alƙali. Duk sabon gyara sai ya yi aiki a kanta, da datar layi, a cikin unguwa, kafin a sake shi. Nielsen ya ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: amsar da ta zo cikin daƙiƙa ɗaya ba ta katse wa mutum tunani, wadda ta wuce daƙiƙa 10 kuwa hankalinsa ya riga ya tafi wani wuri.

A matse hotuna a mayar da su tsarin WebP, wanda ke rage nauyin hoto, a riƙa sauko da ƙananansu a jeri, babba sai an danna. A cire bidiyon da ke kunna kansa. Rubutu da farashi su fara bayyana kafin hoto. Mafi muhimmanci, kwandon manhaja, inda mai saye ke tara kayan da ya zaɓa, ya zauna a kan wayar: idan sabis ya ɗauke, ko kira ya shigo, ko caji ya ƙare, mutum ya dawo ya tarar da kayansa talatin yadda ya bar su.

Maɓallai kuma su yi girman da yatsa zai same su. Ƙa'idar Google ga Android ita ce kada wurin dannawa ya gaza 48dp kowane gefe, wato kusan milimita 9. Rubutu mai ruwan toka a kan fari ba ya karantuwa a rana. Ƙa'idar WCAG, wadda aka tsara don kowa ya iya amfani da shafukan intanet har da masu raunin gani, ta nemi bambancin haske na aƙalla 4.5 zuwa 1 tsakanin rubutu da bayansa. A gwada da wayar dattijon da ya ƙara girman haruffa, a ga ko farashi bai ɓace ba.

Mataki na 5: A bar mutum ya shiga kafin a tambaye shi sunansa

Babu dalilin tare mutum da rajista tun bai ga farashin ko abu ɗaya ba. A bar shi ya duba, ya cika kwando, sai a wurin biya a nemi lambar wayarsa da sunansa. Imel ya zama na ganin dama. A karɓi lamba ko da sifili ta fara ko da +234, ko an bar tazara a tsakani. Lambar tabbatarwa da ake turowa ta tes takan makara, don haka a sa zaɓin turo ta ta WhatsApp ko ta kira, kuma manhaja ta iya ɗauko ta da kanta idan ta shigo.

Ga wanda ya taɓa saye, abin da zai fara gani shi ne odarsa ta baya da maɓallin "a maimaita". Cefanen gida maimaici ne, kayan wannan wata su ne kusan na wancan. Wanda ya iya sake odar wata da danna uku, ya cire abu biyu ya ƙara ɗaya, ba zai koma rubuta dogon saƙo a WhatsApp ba. A ba shi damar ajiye jeri da suna: na gida, na gidan Hajiya, na yaran da ke makarantar kwana. A kuma bar jeri ya iya tafiya tsakanin waya biyu, domin a gidaje da yawa uwargida ce ta san abin da ya ƙare a kicin, maigida ne ke biya daga wurin aiki.

Mataki na 6: Kuɗin kai kaya ya fito tun da wuri

Cibiyar Baymard da ke Denmark, wadda ke tattara bincike kan sayayya ta intanet, ta ƙiyasta cewa kusan kwando 70 cikin 100 ana barinsu ba a biya ba, kuma ƙarin kuɗin da ke bayyana a ƙarshe yana sahun gaba cikin dalilan. Da zarar mutum ya faɗi unguwarsa, a nuna masa kuɗin kai kaya a cikin kwando. Idan akwai mafi ƙarancin oda, a faɗa tun a shafin farko. Jimillar kuɗi ta kasance a ƙasan fuska koyaushe, tana sauyawa yayin da yake ƙara kaya, domin da yawa da lissafin abin da ke aljihu suke sayayya. Ƙara ko rage adadi ya yiwu a nan take, kuma mai son katan 20 ya iya rubuta 20, ba sai ya danna sau ashirin ba.

Mataki na 7: Biyan kuɗi

A nan ne zuciyar mai saye ke ɗar-ɗar. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 taransfa ta zama ruwan dare, har mai sayar da kayan miya yana da lambar OPay ko Moniepoint. Manhajar da ta dogara da kati kaɗai ta rufe ƙofa ga jama'a da yawa. A sa taransfa a gaba, sai kati, sai USSD (lambar banki da ake dannawa a waya ba sai da data ba), sai biya idan kaya sun iso, da kuɗi a hannu ko da POS. Na ƙarshen yana da haɗari ga kanti, na sani, amma shi ne ke sa sabon mutum ya yi gwajin farko. Ana iya sa masa iyakar kuɗi, a kira a tabbatar kafin a ɗaura kaya a babur.

Taransfa kuma kada ta zama irin wadda ake cewa a turo hoton rasit, wani ya zauna yana jiran alat. Kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack, Flutterwave da Monnify suna ba da lambar asusu ta musamman ga oda, kuɗi na shiga manhaja ta gani da kanta. A sa maɓallin kwafe lambar da na kwafe adadin kuɗin, a rubuta sunan asusun da mutum zai gani a bankinsa don kada ya tsorata. A tuna cewa sai ya fita daga manhajarku ya shiga ta banki, kuma a ƙaramar waya wannan fitar kan sa manhajarku ta rufe. Idan ya dawo, dole ya tarar da shafin biyan yana jiransa. Wannan a gwada shi sau da yawa a kan wayar alƙali.

Sai ranar da aka cire kuɗi amma tabbaci bai iso ba, kuma ranar za ta zo. Mafi munin abin da manhaja za ta yi shi ne ta nuna jan rubutu cewa biya bai yi ba, mutum ya sake biya, a cire masa sau biyu. Abin da ya dace ta ce shi ne: "Muna jiran tabbaci daga banki. Kada ka sake biya. Mun riƙe maka kayanka, za mu sanar da kai da zarar kuɗin sun shigo." A sa lambar oda a ƙasa da maɓallin kiran kanti. A shekarar 2020 Babban Bankin Najeriya ya rage wa'adin warware cinikin POS da na intanet da ya maƙale zuwa awa 72, amma kwastoma bai kamata ya yi kwana uku cikin duhu ba. Wani a kanti ya bi maganar, ya kira shi kafin shi ya kira.

Kantin da ke Maraɗi, Damagaram ko Yamai zai bi wannan tsari da kuɗin sefa da hanyoyin da mutanen can suka saba, irin su Airtel Money da Nita.

Mataki na 8: Adireshi irin namu, lokaci irin namu

Fom ɗin adireshi da aka kwaikwayo daga manhajojin Turai yana neman lambar gida, sunan titi da lambar gidan waya. A unguwanninmu da yawa kwatance ne ke aiki: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu hannun dama, gida mai baƙin get kusa da mai markaɗe. A tsara fom ɗin haka: unguwa daga jeri, sanannen wuri mafi kusa, sannan fili mai faɗi na kwatance. A ƙara damar kafa alama a taswira, ko saka Plus Code na Google (gajeriyar lamba mai nuna wuri a taswira) ga wanda ya iya, da damar ɗaukar kwatance da murya. Idan mai kai kaya ya gano gidan a karon farko, ya danna ya adana daidai inda ya tsaya, don karo na biyu kada a sake kira ana "kina ina, ga ni a bakin transifoma".

A tambayi wanda zai karɓa da lambarsa, domin sau da yawa mai biya yana ofis ne ko ma yana wani gari yana yi wa iyayensa cefane. A sa wurin umarni ga mai kawowa. Gidan matan aure ba a shiga, don haka zaɓi irin "a kira, yaro zai fito ya karɓa" ko "a ba maigadi" ya kasance a shirye, danna ɗaya. A nuna suna da hoton mai kawowa kafin ya iso, a kuma ba mai karɓa 'yar gajeriyar lamba da zai faɗa kafin a miƙa kaya.

Lokacin kai kaya a ba shi tazarar da za a iya cikawa, kamar awa biyu, kada a yi alkawarin minti 30 don burgewa. A lura da lokutan salla, a rufe tazarar sallar Juma'a. A watan azumi oda takan taru bayan La'asar kowa yana so kafin shan ruwa, don haka a ƙayyade yawan odar da kowace tazara za ta ɗauka, idan ta cika a rufe ta. Ga masu mota, a sa zaɓin "haɗa mini, zan zo in ɗauka". Yana rage wa kanti wahala, yana kuma kawar da kuɗin kai kaya.

Mataki na 9: Idan abu ya ƙare ko ya zo a lalace

Ko an yi mataki na biyu da kyau, wata rana mai haɗa kaya zai je kanta ya tarar babu. Tun a kwando a tambayi mai saye abin da yake so a irin wannan hali: a musanya da makamancinsa, a kira shi, ko a cire a mayar masa da kuɗi. Kada a musanya madarar jariri, man shafawa ko abincin mai ciwon sukari ba da izini ba. Idan abin da aka musanya ya fi arha, a mayar da canji ba tare da an tambaya ba.

Kayan da ake aunawa, nama, kifi, kaza, tumatir, a bar mutum ya rubuta yadda yake so: a yanka kazar gida takwas, a zaɓo tumatir masu tauri. A faɗa masa tun farko cewa nauyi na iya ɗan bambanta da yadda za a daidaita kuɗin.

Ƙorafi kuma ya zama gajere: ya buɗe odar, ya danna abin da ya fashe, ya ɗauki hoto, shi ke nan. A bar shi ya zaɓa ko a mayar da kuɗin asusunsa na banki ko a ajiye masa a manhaja. Tilasta masa na biyun riƙe kuɗin mutane ne. Lambar da mutum mai rai zai ɗauka ta kasance a fili a kowane shafin oda.

Mataki na 10: Sanarwa da amanar bayanai

Sanarwar oda daban, ta talla daban, kuma mutum ya iya kashe ta talla ba tare da ya rasa ta odarsa ba. Ba a tura talla da tsakar dare. Kada manhajar cefane ta nemi izinin shiga lambobin da ke wayar mutum; izinin sanin inda yake ma a nema lokacin da zai saka adireshi, a faɗi dalili. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin kiyaye su. Lambar matar wani da kwatancen gidanta bai kamata su zauna a wayar mai kai kaya bayan ya gama aikinsa ba.

Mataki na 11: A auna, a gyara ɗaya bayan ɗaya

Yawan waɗanda suka sauke manhaja ba ya nuna komai. Duk ranar Litinin manaja ya duba waɗannan: cikin masu buɗewa nawa suka saka abu a kwando, nawa suka kai shafin biya, nawa suka biya, kashi nawa na nema ya dawo fanko, oda nawa aka kai cikakkiya babu abin da ya ƙare, nawa suka isa cikin tazarar da aka yi alkawari, da kuma mutum nawa suka sake saye cikin kwana 30. Inda aka fi zubewa a jerin nan, nan ne aikin wannan makon.

Ta ɓangaren na'ura, Play Console, shafin da Google ke ba masu manhaja, yana nuna yawan rufewar manhaja da daskarewarta kyauta. Google na ɗaukar manhaja a matsayin mai matsala idan ta rufe wa sama da kashi 1.09 cikin ɗari na masu amfani da ita a rana, ko ta daskare wa sama da kashi 0.47, kuma hakan na iya rage yadda ake nuna ta ga masu nema. A duba alƙaluman waya-waya, domin matsakaicin zai iya yin kyau alhali a kan wata ƙaramar itel da kwastomomi da yawa ke riƙe da ita manhajar ba ta ko buɗewa.

Sabon gyara a fara sakinsa ga kaɗan daga cikin masu amfani, kamar kashi 10, a jira 'yan kwanaki a ga alƙaluma kafin a sake wa kowa. Kada a sauya wurin maɓallan da mutane suka saba da su sai da dalili mai ƙarfi, kada kuma a fitar da babban sauyi a makon ƙarshe na azumi ko ƙarshen wata lokacin albashi. Bayan kowane wata uku a sake kiran sababbin mutum biyar, a ba su aikin shinkafa, man gyaɗa, sabulu da taliya, a kwatanta daƙiƙoƙin da suka ɓata da na zaman da ya gabata.